Gida Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Zuwa ga Farfesa, shugaban sashen da ke koya wa ɗaliban mastar binciken ƙwayoyin gado da na'ura.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da malaman da ke ƙarƙashinka.

In ka tambayi namu gidan, Hadiza ɗiyata lafiya lau take a ɗakin mijinta a Bangi, ita da goyonta. Ni ma da sauƙi, ban da idon hagu da ke zubar da ruwa in na daɗe kan takarda. Zainabu, autarmu, ba ta da lafiya. Ciwon emasi, wanda wasu ke cewa sikila, ya tasar mata sau biyu tun ƙaramar salla, na biyun sai da aka kai ta Madawa aka ƙara mata jini. Maigida yana kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana da ƙyar take fita. Shi kuwa babban, wanda yake ɗalibinka, ban san ko lafiya yake ba. Kai ya kamata in tambaya.

Ba zan faɗi sunansa a nan ba. Ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba za ka rasa gane shi ba. Shi ne wanda ya kawo muku miyaun gidan da kuka sa wa lamba goma sha huɗu.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce a yankin Tama, cikin Buza. Gero muke nomawa da damina, da rani kuma albasa a garka. Ban shiga lakkwal, makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da na yaye auta na shiga makarantar yaƙi da jahilci, na zauna kan tabarma ɗaya da sa'o'in ɗiyata. Da hannuna na rubuta wannan takarda, cikin kwana tara. Hadiza ce za ta sa ta a waya inda kowa zai gani, kuma na roƙi a karanta ta a rediyon yankinmu. Ban so haka ba. Na aiko maka takarda biyu ta hannun direban da ke zuwa birni, ba amsa. Na zo da ƙafata bayan salla, maigadi ya ce sai da takardar ganawa, na wuni a gindin bangon ƙofarku har la'asar. Tun da maganar gidana ta riga ta shiga kasuwa, amsarta ma a kasuwa zan ba da ita.

Na ɗaya, yadda miyaunmu ya zo hannunku.

Ƙanensa Rabi'u ya rasu da ciwon emasi yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Babban ne ya goyo shi a baya daga gida zuwa bakin hanya, kuma kafin mota ta zo rai ya yi halinsa. Tun ranar ya ce wannan ciwo zai karanta. Da ya shiga sashenka, in ya zo hutu yakan zauna daga bakin ƙofar ɗakina, ni ina ciki, yana yi wa Zainabu bayani da ƙarfi don in ji. Ya ce a cikin jikin kowane mutum akwai rubutu mai tsawon da ba a iya karanta shi da ido, haruffa huɗu ne kawai suke ta maimaituwa, rabi daga uwa rabi daga uba. Ya ce harafi ɗaya tak ya sauya a wurin Rabi'u da Zainabu, shi ya sa jininsu yake lanƙwashewa kamar lauje. Ya ce abin da ake koya musu shi ne yadda za su sa na'urar ordinater ta karanta musu wannan rubutu, ta gwada na wannan da na wancan. Na gane maganarsa sosai, don na san abin da harafi ɗaya yake yi wa kalma.

Bara, bayan an gama ɗaurin gero, ya zo da 'yan kwalabe na roba da takarda da Faransanci. Ya ce sashenku yana tattara miyaun gidajen da ke da emasi. Mu biyar muka tofa: ni, maigida, shi, Hadiza da Zainabu. Ya fassara mana takardar. Abin da ta ce shi ne binciken ciwo, kuma za a cire sunaye. Na tambaya ta bakin Hadiza ko na'urar tana ganin wani abu bayan ciwo. Ya yi dariya, ya ce a gaya wa Inna ba boka ba ce. Maigida ya dangwala yatsa. Ni na karɓi bik na rubuta sunana, har ina jin daɗi don yana kallo. Da na san abin da nake sa wa hannu, da na ce ban iya rubutu ba.

Na biyu, abin da aka yi a aji.

Ban kasance a wurin ba. Wata ɗaliba 'yar wajen Keita, wadda ta same ni a ƙofarku ta kawo mini ruwa, ita ta zauna ta ba ni labari tana kuka. In akwai ƙarya a ciki, ka fito ka ce ƙarya ne.

Sati biyu kafin azumi, mushe, wato malamin da ke koya musu aiki da na'ura, ya ce yau za a koyi yadda ake tabbatar da dangantaka kafin a fara bincike. Bai ɗauko bayanan mutanen wata ƙasa ba, waɗanda ta ce akwai su da yawa don koyo. Namu ya ɗauko, waɗanda suka dawo daga inda kuka aika su. Ya haska su a tablo, allon aji, gaban ɗalibai. Gaskiya ne an cire sunaye. Amma an bar sunan ƙauye, an bar shekaru, an bar mace da namiji, an bar wanda ke da ciwo. A ƙauyenmu gida nawa ne ke da ɗa a jami'a da ƙanwa mai emasi? Kuma yaron da kansa ya liƙa lambar a kan kwalaben.

Shi aka kira ya yi aikin, don shi ne gwanin ajin. Na'ura ta ce tsakanin uwa da 'yan matan rabi ne, daidai. Tsakanin uba da 'yan matan rabi ne, daidai. Da ta zo kansa, ta ce tsakaninsa da matar rubu'i ne, tsakaninsa da mutumin kuwa babu komai. Ya sake yi. Ya sake yi na uku. Ya ce watakila an musanya kwalabe. Mushe ya ce a'a, da musanya ce da ba a ga rubu'in ba, ya ce ku duba da kyau, wannan misali ne mai kyau, irinsa yana da yawa a gidajen ƙauye. Wasu suka yi dariya. Yaron ya rufe na'urar a hankali, ya ɗauki jakarsa, ya fita.

Farfesa, ba na cewa mushen ya san gidan wa yake haskawa. Cewa nake aikinsa ne ya sani.

Na uku, abin da ya iso gida.

A ajin akwai wani ɗan wajen Buza. Ya gaya wa uwarsa a waya, uwarsa ta gaya wa abokiyar cinikinta, kafin azumi ya raba tsakiya magana ta zaga kasuwar Tabotaki ta dawo mana. A hanya rubu'in ya faɗi, ba wanda ya ɗauko shi. Abin da ya iso shi ne injin Nasara ya gano ɗan Malam, wato maigidana, ba nasa ba ne. Matan da muka yi shekara talatin muna daka tare suka fara yin shiru in na iso rijiya. Wata ta ce mini, tana murmushi, ashe masu shiru-shiru ma suna da tarihi. Ƙanen maigida ya shigo har tsakar gida ya ce tun da abin ya fito, a san yadda za a yi da garka tun mai ita yana numfashi. Maigida yana kwance yana ji. Ya ɗaga hannun da ke motsi yana nuna masa ƙofa, bakinsa yana rawa, kalmar ta ƙi fita.

Garka ba ta dame ni ba. Sunana ma, a shekaruna, zan iya ɗaukarsa da dattinsa. Amma tun da an ce na ci amanar mutumin da ba ya iya buɗe baki ya kare ni, bari in faɗi abin da na'urarku ba ta iya karantawa.

Na huɗu, gaskiyar magana.

Da cikina na fari ya tsufa, aka mai da ni gidanmu, kamar yadda ake yi. Na tarar da yayata Mariyama, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ma da tsohon ciki. Mijinta ya tafi biɗa bakin teku tun cikin yana ƙarami, ba aike ba labari, kuma har yau ba a san inda ya ƙare ba. Na haifi namiji, ya kwana uku ya koma. Ana gobe zai cika kwana biyar da an binne shi, Mariyama ta haihu, jini ya ɓalle mata, ta rasu a kan amalanke kafin a kai bakin hanya. Ga ni da nono yana zuba yana yi mini ciwo, ga jariri yana tsala kuka ba uwa. Innarmu ta ɗauko shi ta ɗora mini a cinya.  Ya kama nono.

Aka aika wa maigida ya zo. Innarmu ta gaya masa komai a gaban ungozoma da limamin garinmu. Ya ce ragon da ya tanada yana nan ɗaure, ba zai sayar ba. Shi ya yanka, shi ya zaɓi suna. Liman ya ce riƙon maraya lada ne, amma kada a ɓoye masa asalinsa, in ya yi hankali a gaya masa. Muka ce to. Da na gama wankan jego na koma garin mijina da goyo a baya, mutane suka yi barka, ba wanda ya tambaya, mu ma ba mu ce ba.

Daga nan laifin namu ne, kuma ba zan ɗora maka shi ba. Mun ce sai ya yi kaciya. Mun ce sai ya gama firamare. Da ya tafi kwaleji muka ce kada a ɓata masa karatu. Innarmu ta rasu, liman ya rasu, ungozoma ta rasu. Maigida ya ce ranar da yaron zai nemi aure shi zai zaunar da shi ya gaya masa, namiji da namiji. Sai ciwo ya riga shi, ya ɗauke masa harshe.

Akwai wani laifin kuma, nawa ni kaɗai. Saboda tsoron kada wani ya ga alama, na yi kunyarsa ta ɗan fari fiye da yadda kowace mace take yi. Wasu matan in ba kowa sukan ja ɗan farinsu jiki. Ni ban yi ba. Ban taɓa cin abinci yana kallo ba. In ya shigo ɗaki na fita. In ya yi zazzaɓi, kakarsa nake kai wa shi, ni in tsaya bayan darni ina sauraren numfashinsa. Ranar da ya ci jarrabawar shiga jami'a mata suka cika gidan da guɗa, ni na ɗauki tulu na tafi rijiya, don kada a ga fuskata. A lissafina, duk wanda ya ga wannan kunya zai san ɗan cikina ne. Haka kuwa aka yi, shekara ashirin da shida ba wanda ya yi shakka.

Ranar da abin ya faru a ajinku, da hantsi, ina garka ina ban ruwa, ya kira ni. Bai gaishe ni ba. Ya ce, Inna, wa ya haife ni.  Na ce ya zo gida a yi magana. Ya ce ba sai ya zo ba, yanzu ya gane. Ya ce yana yaro yana ganin ina goya Rabi'u har ƙafafunsa suna jan ƙasa, shi kuwa ko kansa ban taɓa shafawa ba, aka ce masa al'ada ce, ya yarda. Ya ce ashe ba kunya ba ce, ba nawa ba ne shi ya sa. Ya kashe waya. Ban sake jin muryarsa ba. Bai zo salla ba. Ya sauya lamba. Hadiza ta je ɗakin da yake haya aka ce ya tashi.

Wannan shi ne abin da darasin awa biyu ya yi a gidana. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, rubu'i ne. Amma ba ta da wurin rubuta wanda ya shayar, ba ta da wurin rubuta wanda ya yanka rago. Ku da kuka san ba ta da wurin, ku ya kamata ku yi hattara da inda kuke buɗe ta.

Ba na gaba da karatunku. Ina da Zainabu, kuma duk ranar da na ji tana ihu ƙasusuwanta suna sara, addu'a nake Allah ya ba irinku sa'a. Ɗalibar nan ta gaya mini a littattafanku ma an rubuta cewa irin wannan abu yana fitowa, kuma an ce a faɗa wa mutane tun kafin su ba da miyau. In haka ne, me ya hana a rubuta a takardar da na sa wa hannu? Da layi ɗaya aka sa cewa na'urar tana gane wanda ya haifi wani, da na ce a dakata. Da na aika ya zo, na zaunar da shi gaban ubansa, na yi abin da ya kamata in yi tun da daɗewa. Da a ɗakina ya ji, ba a tablo ba.

Yanzu ga abin da nake roƙo.

Na farko, a cire gida mai lamba goma sha huɗu daga na'urarku da duk inda kuka aika shi, a rubuto mini da Hausa cewa an cire. Na janye hannun da na sa.

Na biyu, an ce mini gidaje da yawa ne daga Madawa da Buza da Keita suka ba da miyau. A ƙasarmu riƙo ya yi yawa. Yunwa da haihuwa da tafiya biɗa sun bar 'ya'ya a hannun goggo da inna, kuma ba kowane gida ne ya gama faɗa wa nasa ba. Kada a sake koyar da ɗalibai da su sai an koma an gaya musu abin da na'urar take iya gani, da harshensu, an sake tambayarsu. Ku koya wa ɗalibanku wannan tun ranar farko, kafin ku koya musu danna na'ura.

Na uku, mushen da ya yi darasin ya tara ajin nan, ya karanta musu wannan takarda, har da wanda ya kai maganar Buza. Ba na neman a kore shi, shi ma ɗan wata ne. So nake waɗanda suka yi dariya su ji sauran labarin.

Na huɗu shi ne babba, kuma in za ka yi ɗaya kawai, shi za ka yi. An ce mini sashenka ya samar wa yaron wurin ƙarin karatu a waje, zai tashi bayan babbar salla, shekara uku ko huɗu. Likitan da ke duba maigida bai ɓoye mini ba, ba shi da shekara uku. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ya juya ido wajen ƙofa. Kai ne za ka sa hannu a takardun tafiyarsa, don haka ka san inda yake, kuma yana jin maganarka. Ba na cewa ka hana shi tafiya. Ka kira shi ofishinka, ka miƙa masa wannan takarda hannu da hannu, ka ce masa ya zo gida ko na wuni ɗaya. Daga birni zuwa garinmu tafiyar yini ce.

In ya karanta, ga abin da nake so ya gani, kuma da shi nake magana yanzu. Kabarin Mariyama yana nan, na san wurin, zan kai ka. Ina da zanenta guda da na ajiye maka a ƙasan adaka. Idonka nata ne, kuma kullum ina gani. Ka zo ka yi mini faɗa, ka ce duk abin da ke ranka, na cancanta. Amma wanda ke kwance bai yi maka komai ba sai alheri, kuma in da laifinsa, jinkiri ne. Ranar da na fara iya haɗa baƙaƙe, na roƙi malamarmu a asirce ta nuna mini yadda ake rubuta suna ɗaya. Na cika shafi da shi a bayan kaye, littafin rubutuna, sannan na yage na ɓoye don kada a gani. Ban taɓa kiransa ba, ban taɓa rubuta shi inda ido zai gani ba. Ka duba ƙasan wannan takarda.

Farfesa, Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa aikinka ya zama sanadin sauƙi ga masu ciwo, ya tsare maka asirin gidanka, kada ya nuna maka ranar da za ka nemi labarin ɗanka a bakin maigadi.

Ina jiran amsarka kafin ranar Arfa. Direban da ya kawo maka takardu biyun farko yana tashi daga tasharku kowace Talata da Asabar, kuma ya san gidanmu. In ba ka da abin rubutawa, ka aiko mini da kalma ɗaya, ko ya karɓa ko bai karɓa ba, don in san abin da zan gaya wa ubansa ranar salla.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
Uwar Ilyasu.